Tabar Wiwi da Doka: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini da Amsoshinsu

Duk majalisar da aka taɓo maganar halatta tabar wiwi, sai ka ji murya ta tashi. Wani ya ce Turawa ne ke son ƙarasa lalata mana yara, wani ya ce arziki ne kwance a daji muka ƙi ɗauka. Ni malamin makaranta ne a Kano, na daɗe cikin kwamitin unguwarmu da ke bin sawun matasan da shaye-shaye ya ɗauke, kuma tambayoyin da ke ƙasa an yi mini su a ƙofar masallaci, a ɗakin malamai, wasu ma a wurin zaman makoki. Tun da wuri bari in faɗi inda na tsaya. Ban yarda a buɗe shagunan wiwi a ƙasar nan ba. Ban kuma yarda a ci gaba da jefa yaron da aka kama da ƙulli ɗaya a gidan yari ba.

Malam, idan an ce a halatta wiwi, me ake nufi takamaimai?

Abu uku ake cusawa a buhu ɗaya, kuma rabin rigimar daga nan take tasowa. Na farko shi ne a bar mutane su noma, su sayar, su saya a fili, gwamnati na ba da lasisi tana karɓar haraji, kamar yadda ake yi da sigari. Na biyu, ta ci gaba da zama haramtacciya, a ci gaba da kama mai noma da mai safara da dila, amma wanda aka samu da ɗan abin da zai sha shi kaɗai, a tura shi wurin likita ko a ci shi tara maimakon ɗauri. Na uku, a yarda likita ya rubuta maganin da aka tace daga ganyen ga majiyyacin da ke buƙatarsa, kamar yadda ake rubuta wa mai ciwon daji allurar kashe raɗaɗi mai ƙarfi.

Kalmar "halatta" ma kanta tana ƙara dagula lissafi a wurinmu, domin Bahaushe na jin ta sai zuciyarsa ta tafi ga halal da haram. Majalisa ba ta da ikon mayar da haram halal. Iyakar abin da ke hannunta shi ne ta faɗi wanda za a kama da irin hukuncin da za a yi masa. A kan wannan ake jayayya.

Me dokar Najeriya ta ce a yanzu?

Tana da zafi ƙwarai. Dokar da ta kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1989 ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai noma ko shigowa ko fitar da irin waɗannan kaya, sannan ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana riƙe da su ko yana sha. A rubuce, saurayin da aka laluba aljihunsa aka ga ƙulli biyu ya faɗa cikin wannan sashe. A aikace alƙalai kan yanke abin da bai kai haka ba, sau da yawa da zaɓin tara, amma takobin na nan rataye, kuma da shi ake tsorata iyaye.

Tsananin ba yau ya fara ba. A 1966 gwamnatin soja ta yi dokar da ta sa kisa ko ɗaurin aƙalla shekara 21 ga mai shuka wiwi, da aƙalla shekara 10 ga mai sha. An sassauta a 1975, aka sake ɗaure igiyar a 1984, har a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas a kan safarar miyagun ƙwayoyi. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince a dawo da hukuncin kisa ga masu safara, kafin daga baya a daidaita da Majalisar Wakilai a tsaya a kan ɗaurin rai-da-rai.

To, tsananin ya hana sha?

Da ya hana, da ba ma wannan magana. Babban binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da sigari, a cikin shekarar da aka auna. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Miliyan 4.6 kuma irin su tiramol da kodin. Cikin kowane mashayi huɗu, ɗaya mace ce. Arewa maso Yamma kaɗai tana da kusan miliyan 3, Kano ta ɗauki sama da miliyan 1.

Ka tsaya ka auna miliyan 10.6. Duk gidajen yarin ƙasar nan ba su ɗauke da mutum dubu 100. Dokar da ba za a iya zartar da ita a kan ko da mutum ɗaya cikin 100 na masu karya ta ba, dole a zaɓi wanda za a zartar wa, kuma kowa ya san wanda ake zaɓa: ɗan talakan da ke sha a kango ko bayan maƙabarta. Mai sha a cikin mota mai baƙin gilashi ba ya cikin lissafi.

Mun kuma ga abin da ya faru da kodin. Bayan binciken da BBC ta watsa a 2018, gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Matakin ya yi amfani, kwalbar ta yi tsada, ta rage yawo a hannun matan aure da 'yan makaranta. Amma da yawa daga cikin yaran da na sani ba su daina maye ba, sauya sheƙa suka yi zuwa tiramol, roci, sholisho da a-kurkura, domin abin da ya kai su ga kwalbar yana nan ba a taɓa shi ba.

Wasu na cewa ganye ne kawai, Allah ya halitta, ba ya cutarwa. Gaskiya ne?

Ƙarya ce, kuma ina jin zafin ta duk lokacin da na ji ta a bakin yaro. Zaƙami ma ganye ne.

Sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi ana kiransa THC. Kusan mutum ɗaya cikin 10 da suka fara sha sukan kamu har su kasa bari, kuma idan tun ana ƙuruciya aka fara, abin kan kai ɗaya cikin 6. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa ɓarnar ta fi yawa a kan ɗan sakandare: mantuwa, mutuwar zuciya, karatu ya tsaya. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a biranen Turai da dama da Birazil, ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau 3 wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, idan kuma mai ƙarfin yake sha, kusan sau 5. Wiwin yau kuma ba ta zamanin iyayenmu ba ce. Ga mai ƙarfi da ake shigowa da ita daga waje, ga kuma wadda ake fesa wa sinadarai ana kiranta kolos. Irin wannan haɗin ne, da ake kira kush, ya sa shugaban Saliyo ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024.

Akwai yaron da na koyar, ɗan maƙwabtanmu, wanda a aji uku ba a ja da shi a lissafi. Yana da shekara 19 ya fara cewa rediyon babansa maganarsa take yi. Daga nan ya daina cin tuwon mahaifiyarsa, wai an sa masa guba, ya samo kwali ya toshe tagar ɗakinsa. Ranar da muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, da asuba ne, a cikin A-daidaita-sahu, mu huɗu muna riƙe da shi, uwar tana bin mu a baya ba takalmi. Ba kowane mashayi ne ke kaiwa nan ba, na sani, da yawa suna sha suna zuwa kasuwa. Amma babu wanda ya san ƙwaƙwalwar wa za ta ɗauka, ta wa za ta tsage, sai bayan ta faru.

Tun da addini ya haramta, me ya rage a yi muhawara a kai?

Haramcin ba abin jayayya ba ne. Hadisi ingantacce ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma malaman mazhabobi sun haɗu a kan haramcin shan wiwi don maye. Inda suka yi saɓani shi ne hukunci. Ibn Taimiyya ya ga a yi wa mai shan ta haddi irin na mai shan giya. Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya ce tana cikin abubuwan da ke gurɓata hankali, don haka ta'aziri ne a kanta, wato horon da alƙali ya ga zai gyara mutum. Ko ka ɗauki ra'ayin da ya fi tsanani, haddin giya a Malikiyya bulala 80 ce, a yi a gama, mutum ya koma gidansa da sana'arsa. Ɗaurin shekara 15 daga dokokin soja ya fito, ba daga littattafan fiƙihu ba, kuma wanda ya nemi a gyara shi bai taɓa addini ba.

Akwai kuma hadisin da nake so iyaye su riƙa tunawa. An sha kawo wani mutum gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan shan giya, har wani daga cikin jama'a ya tsine masa. Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a cire shi daga cikin mutane ba. Mu kuwa yau da zarar an ce wane ɗan wiwi ne, an gama da shi: ba aure, ba aiki, ba sahun gaba.

Me ya sa ka ƙi jinin a kai mashayi gidan yari? Ai horo ne.

Saboda na ga abin da ke fitowa. Ɗan ƙanwar mahaifiyata, mai gyaran babur, an kama shi da ƙulli biyu a wani samame da aka yi da daddare. A ofishin da aka fara kai shi an faɗa wa Inna kuɗin da za ta kawo a kashe maganar. Ta sayar da keken ɗinkinta, kuɗin ba su kai ba. Yaran da aka kama tare da shi, waɗanda iyayensu suka iya cikawa, kafin azahar suna gida. Shi ya yi wata 11 yana jiran shari'a, ana ɗaga zama ana sake ɗagawa, ranar da aka yanke kuma tara ce da ba ta kai kuɗin keken ba.

Ya shiga yana shan wiwi da yamma bayan an tashi daga aiki. Ya fito ya san tiramol, ya san sunayen diloli uku, ya san yadda ake buɗe kwaɗo ba makulli. Maigidansa ya riga ya ɗauki wani yaro. Yarinyar da aka sa musu rana an mayar da kayan. Wata shida bayan nan shi ne ke sayarwa a lungun da a da yake saye.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jira suke. A cikin wannan cunkoso ake zuba yaro ɗan shekara 20 tare da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, a ce wai ana gyara shi. Shi kuwa mai gonar da ke cikin dazukan Ondo ko Edo, da mai tirelar da ke hawo da buhuna Arewa a ƙarƙashin kayan gwari, da ɗan siyasar da ke raba wa 'yan jagaliya ƙwaya ranar gangami, ba kasafai hannu ke kaiwa gare su ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Idan aka daina ɗaure mai sha, ba an ba yara lasisi ke nan ba?

Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma akwai ƙasashe biyu da ya kamata a duba tare. A 2001 Fotugal, wadda hodar heroyin ta addaba, ta cire ɗauri daga kan duk wanda aka samu da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba, kowace irin ƙwaya ce. Ba ta halatta ba. Ɗan sanda zai ƙwace kayan, ya tura mutum gaban wani ƙaramin kwamiti da ya haɗa masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a, su duba halinsa, su tura shi magani, ko su ci shi tara, ko su ja masa kunne. Dila kuwa kotu ce da kurkuku kamar da. A lokaci guda gwamnati ta zuba kuɗi a cibiyoyin magani da nema wa waɗanda suka warke aiki. Shan ƙwaya bai yi tashin da aka ji tsoro ba, mace-macen da ƙwaya ke jawowa suka ragu, masu kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allura suka sauko daga sama da 1,000 a shekara zuwa 'yan gomomi.

Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi rabin abin. A 2020 jama'arta suka kaɗa ƙuri'ar cire hukunci, amma kuɗin magani suka yi jinkirin isa, kuma babu abin da ke tilasta wa mashayi ya je ko'ina, takardar tara ce kawai da lambar waya. Ga kuma ƙwayar fentanil mai tsananin ƙarfi ta shigo a daidai lokacin. Mutane suka cika tituna suna sha a bainar jama'a, a 2024 majalisar jihar ta mayar da hukuncin. Darasin da na ɗauka shi ne, cire ɗauri ba tare da an tanadi inda za a kai mutum ba, sakaci ne. Idan za a yi, a fara da gina wurin.

Wannan ra'ayi kuma ba daga Turai kaɗai ya fito ba. Kwamitin da marigayi Kofi Annan ya kafa a kan ƙwayoyi a Afirka ta Yamma, wanda Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawara a 2014 cewa a ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, a daina ɗaure masu sha, a juya ƙarfi kan manyan masu safara.

Ƙasashen da suka halatta gaba ɗaya, me suka gani?

Kowace da irin hanyarta. Yurugwai ce ta fara a 2013, zamanin shugaba Jose Mujica, kuma ta riƙe abin da hannu biyu: sai ɗan ƙasa ko mazauninta da ya yi rajista, giram 40 a wata, ba talla. Kanada ta bi a watan Oktoban 2018. Jamus a watan Afrilun 2024 ta yarda baligi ya riƙe giram 25 ya shuka tushe 3 a gida, amma ba ta yarda da shaguna ba. A Amurka, jihohin Kolorado da Washinton suka buɗe ƙofa a 2012, daga baya jihohin da suka halatta suka kai 24, ko da yake dokar tarayya ba ta halatta shan nishaɗi ba.

An samu abin da aka nema ta wasu fuskoki. Kame ya ragu sosai, kuma wannan babban abu ne a Amurka, inda baƙar fata ya ninka farar fata kusan sau 4 wajen yiwuwar a kama shi a kan wiwi alhali shan nasu kusan ɗaya ne. A Kanada mafi yawan masu sha sun koma saye a shagon da ke da lasisi. Kolorado ta tara harajin da ya haura dala biliyan 2.

Amma inda aka bar 'yan kasuwa suka yi yadda suke so, an ga ɗaya fuskar. Kamfani ribarsa tana wurin mai sha kullum, don haka ya ƙara wa kayan ƙarfi, ya mayar da su alewa da biskit, yara ƙanana suna ɗauka su ci a kwashe su zuwa asibiti. A 2022, a karon farko, masu shan wiwi kusan kullum a Amurka sun fi masu shan giya kusan kullum yawa. Tailan ta cire wiwi daga jerin haramtattu a watan Yunin 2022 ba tare da ta gama tsara doka ba, dubban shaguna suka tsiro cikin ɗan lokaci, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita.

Nan ne dalilina na ƙin shaguna a Najeriya. Ƙasar da yaro ɗan shekara 12 zai shiga kemis ya sayi tiramol ba wanda ya tambaye shi takarda, da wane ƙarfi za ta hana a sayar masa da wiwi idan ta zama kayan kanti?

A Afirka fa, akwai waɗanda suka taɓa dokarsu?

Akwai. Lesoto ce ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yanke a 2018 cewa baligi na iya shukawa ya sha a cikin gidansa, amma ba ciniki. Maroko, ƙasar Musulmi da ta daɗe tana cikin manyan masu noman ta a duwatsun Rif, ta halatta noma don magani da masana'antu a 2021, a 2024 kuma Sarki Muhammad na Shida ya yi wa manoma sama da 4,800 afuwa. Shan nishaɗi har gobe laifi ne a can.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce Ghana, kuma 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da Nima suna rayuwa a ƙarƙashin dokar. A 2020 ta mayar da hukuncin wanda aka kama da na shansa tara maimakon ɗauri, ta kuma yarda a noma irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, wanda ba ya sa maye, ana yin zare da mai da shi. Kotun ƙoli ta soke sashen noman a 2022 saboda yadda aka shigar da shi, majalisa ta sake zartar da shi a 2023.

Nijar tata matsalar ta fi karkata ga zama hanya. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na dunƙulen wiwi a wani sito a Yamai, kayan da suka taso daga Labanon, suka sauka a tashar Lome, za a wuce da su Libiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna girman waɗanda ya kamata a sa wa ido.

Ana cewa akwai biliyoyin daloli a ciki. Ba asara muke yi ba?

Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, shi ya fi kowa ɗaga wannan murya. A 2019 har Tailan ya je ya ga yadda ake noman ta don magani, ya dawo yana cewa tun da jiharsa na noma ta a ɓoye, gara a fito da ita fili a sayar waje. 'Yan majalisa irin su Benjamin Kalu da Miriam Onuoha sun kai ƙudiri a kan haka, a watan Maris na 2023 Majalisar Wakilai ta jingine shi bayan zazzafar adawa.

Ni ina ganin an zuzuta kuɗin. Kasuwar maganin wiwi ta duniya tana son kaya masu tsabta da ma'auni ɗaya, waɗanda ake nomawa a rufaffun gidaje ana gwada su a ɗakin bincike. A Lesoto tsadar lasisi ta sa kamfanonin waje da masu hannu da shuni suka kwashe harkar, ƙaramin manomi ya ci gaba da sayarwa a ɓoye. A Kanada manyan kamfanonin da aka yi rububin sayen hannun jarinsu sun tafka asara da farashi ya faɗi. Mu da aka taɓa hana wakenmu shiga Turai saboda yawan maganin ƙwari, sai mu fara gyara wannan.

Maganin fa? Da gaske tana warkar da cuta?

Wasu cututtuka ƙalilan, e, kuma ragewa take yi. A 2018 Amurka ta amince da maganin Epidiolex, wanda aka tace daga sinadarin CBD da ba ya sa maye, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Akwai kuma hujja a kan rage amai ga masu karɓar maganin ciwon daji da sassauta wasu ciwuka masu daɗewa. Saboda irin wannan ne a watan Disambar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi haɗari da ƙuri'a 27 a kan 25. Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi.

Maganin da likita ya auna ya rubuta daban, naɗin da aka saya a lungu daban. Mai cewa yana busawa ne don asma ko don ya ji daɗin cin abinci, kansa yake yaudara. Malamai kuma tun da can sun yarda da abin da ke gusar da hankali idan lalurar magani ta kama, kamar banju wajen tiyata.

Me masu adawa da kowane irin sassauci ke cewa?

Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, tun da ya karɓi hukumar a 2021 yake nanata cewa ƙasar da ke da mashaya wiwi sama da miliyan 10, ga 'yan bindiga da 'yan daba da ke aika-aika cikin maye, ba ta da halin buɗe wannan ƙofa. A kan shaguna ina tare da shi. Hukumar ma a zamaninsa ta kama manyan diloli da dama, tana kuma da sashen ba da shawara da gyaran hali. Inda nake ganin saura shi ne a rubuta wannan a cikin doka, a bambanta mai sha da mai sayarwa da ma'aunin giram bayyananne, don kada makomar yaro ta rataya a kan halin jami'in da ya kama shi ko nauyin aljihun ubansa. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar gidajen gyaran hali ta 2019 duk sun riga sun tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin gayya ga al'umma. Amfani da su ne ya yi ƙaranci.

Idan ba kurkuku ba, ina za a kai su? Muna da wuraren?

Ba mu da isassu, kuma wannan ne ramin da ya fi zurfi a duk maganar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Kaduna, Kware da Maiduguri, amma likitocin wannan fanni a duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, wasunsu ma suna ta ficewa waje. Cibiyoyin kuɗi sun fi ƙarfin talaka. Shi ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, daga baya aka sami irinsa a Daura da wasu garuruwa. Ban zargi iyayen ba, ba su ga wata ƙofa a buɗe ba ne. An rufe gidajen, ba a buɗe madadinsu ba.

A farkon 2023 an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Abin da zai ba ta rai shi ne a horar da ma'aikatan asibitocin shan-magani na unguwanni su iya karɓar mashayi, a ware gadaje a manyan asibitocin jihohi, a haɗa da malamai da masu unguwanni da masu sana'a da za su karɓi yaro idan ya fito. Kuɗin da ake kashewa wajen ciyar da mai jiran shari'a wata 11 zai yi wannan aiki.

Malam, ni dai ɗana ne ke sha. In kai shi a kulle, ko in kore shi?

Kada ki yi ko ɗaya, Hajiya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma yaron da aka kora daga gida wurin dila yake kwana. Ki nemi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba lokacin da ya shigo idanu jajur ba, ki zaunar da shi tare da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, kawunsa ko malaminsa ko maigidansa na wurin aiki. A tambaye shi me yake sha, tun yaushe, sau nawa a rana, da me yake haɗawa, domin wiwi kaɗai daban take da wiwi da tiramol. Ki daina ba shi kuɗi a hannu, ki saya masa abin da yake buƙata. A cika masa yini da aiki, zaman banza ne abokin wannan abu.

Idan ya yarda zai bari, ki sani makon farko da na biyu zai yi fama da rashin barci, saurin fushi da ƙin abinci. Wannan yana wucewa. Idan ya koma bayan wata biyu, ba a dawo farko ba, yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka faɗi suka tashi. Ku je sashen masu taɓin hankali na babban asibiti mafi kusa ku ce kuna son ganin likita a kan shaye-shaye, ba sai mutum ya haukace ake zuwa can ba.

Amma idan kika ga ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa ko an sa masa guba, ko ya ambaci kashe kansa, to kada a jira gari ya waye. A kawar da wuƙa da duk wani makami daga ɗakin, a kira maza biyu ko uku da ya sani, a yi masa magana a hankali ba da tsawa ba, a kai shi asibiti a daren.